Yadda ake sake amfani da takardar naɗe kyauta da jaka da ribon a rage kashe kuɗi lokacin Kirsimeti

Duk shekara in Disamba ta kama, hunturu ya sauko, kasuwar Taminus a nan Jos ta cika ba masaka tsinke, akwai wani kuɗi da yake zurarewa daga hannunmu ba ma ko sa shi a lissafi, wato kuɗin naɗe kyauta. Kin auno shinkafa, kin sayi kaji, kin biya tela, kin ware kuɗin motar zuwa gida, sai ranar 23 ko 24 ga wata ki tuna ai kyautar Mama da ta yaran makarantar Lahadi da ta maƙwabciyarki duk suna nan a leda ba a naɗe ba, sai ki tashi yaro da gudu ya sayo takarda mai ƙyalli da salatif da ribon a duk farashin da mai shago ya yanka masa. Ranar 25 ana saukowa daga coci cikin minti biyu an yayyage komai, da yamma an share an kai bola. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi har da wannan 'yar takardar, kuma abin yana damuna ƙwarai, domin kuɗin da ya kamata ya shiga tukunya ko ya shiga cikin ita kanta kyautar shi ne yake ƙarewa a juji.

Kafin ki ce ai ba wani kuɗi ba ne, ɗauki biro ki yi lissafi da farashin unguwarku. Ki ƙirga mutum nawa kike ba kyauta, a ce 15, kowa falle ɗaya, manyan kaya falle biyu, ki ɗora salatif ƙwaya biyu, ribon, kati, da jakar takarda mai hannu guda uku ko huɗu saboda manya. Ki haɗa ki gani ko bai kai kuɗin mudun shinkafa da ɗan mai ba. A gidana ya kai har ya wuce, shi ya sa shekaru ke nan ban da salatif ba na sayen komai na naɗi.

Aikin daga ranar buɗe kyauta yake farawa

Mutane da yawa suna ɗauka adana takarda abu ne da ake yi bayan biki, a tsinci abin da ya rage a ƙasa. A'a, lokacin nan an riga an makara. Tun daren 24 ki tanadi kwali ɗaya babba, irin na indomi ko na sabulu ya isa, da almakashi ƙarami ko reza sabuwa, ki ajiye a inda za a zauna buɗe kyauta. Mutum ɗaya babba ne zai riƙe rezar, kar a ba yara.

Ga yadda ake buɗewa. Ki fara kwance ribon da hannu, kar ki yanka, in ƙullin ya ƙi ki sa tsinken tsire ko bakin cokali mai yatsu ki sassauta shi. Sai ki juya kyautar ki nemo inda aka liƙa salatif, yawanci wuri uku ne, tsakiya da kai biyu. Kar ki ɓanɓare salatif ɗin, nan ne kowa yake ɓata takarda, domin yana tashi da fentin jikinta ya bar farin tabo. Ki zura rezar a ƙarƙashin bakin takardar ki tsaga salatif ɗin a daidai inda baki biyu suka haɗu, rabi ya zauna a wannan gefe rabi a wancan. Ki fara da kai biyun, sau da yawa in kin buɗe su kwalin zai zaro ta gefe ba sai kin taɓa tsakiya ba. Takardar ki shimfiɗe ta a kwalin nan da kika tanada, ribon ki naɗe a yatsu huɗu ki jefa a gefe.

Maganar yara kuma, don Allah kar ki hana ƙaramin yaro daɗin yaga kyautarsa, rabin murnar ke nan a wurinsa. Abin da nake yi shi ne kyautar ƙanana da takardar da ta riga ta gaji nake naɗewa, wadda wannan ne zagayenta na ƙarshe, su yaga yadda suke so. Masu kyau na manya ne, su da za su buɗe a hankali. Yaran da suka kai shekara 8 zuwa sama kuwa in kin nuna musu sau ɗaya har gasa suke yi wa zai cire tasa ba ko tsaga.

Kuma ba Kirsimeti kaɗai ba ne wurin samu. Disamba watan aure ne a wajenmu, kusan kowace Asabar da biki, kuma bayan an buɗe kyautar amarya takardu da jakunkuna tuli guda ake tarawa a ƙona. In amaryar taku ce ki ce a bar miki. Haka bikin suna, haka walimar kammala makaranta a watan Yuli, haka hamfa, wato kwandon kayan kyauta da ake ba maigida a wurin aiki, wannan ma ita ce babbar riba domin akwai kwando, akwai leda mai garai-garai babba, akwai ribon mai faɗi.

Rarrabewa

In gida ya lafa, ranar 26 tunda hutu ce ko kuma bayan sabuwar shekara in an dawo daga ƙauye, ki zauna a tabarma ki zazzage kwalin. Abu na farko ki gane cewa abin da muke kira takarda iri biyu ne. Akwai takarda ta gaske, in kin yaga gefenta za ki ga farin gashi-gashi, in kin dunƙule ta a hannu tana zama a dunƙule. Akwai kuma mai sheƙi kamar madubi wadda ta fi yawa a kasuwanninmu, ita leda ce aka yi wa fenti, in kin dunƙule ta kika saki sai ta buɗe da kanta. Ki raba su, domin gyaransu ba ɗaya ba ne ko kaɗan.

Bayan nan ki kasa kowanne uku: manya da suka fita lafiya, matsakaita da za a yanke musu gefe, da gutsattsari. Wadda mai ya taɓa, ko miya, ko ta jiƙe da lemo, ki fitar da ita gaba ɗaya ko ki yanke wurin da faɗi, in ba haka ba ita za ta kira miki kyankyaso da tururuwa cikin sauran. Ki bi gefen kowace da almakashi ki yanke inda tsohon salatif yake, ki daidaita bakin ya miƙe. Falle sabo yawanci santimita 50 ne a 70, in kin yanke yatsa biyu ta kowane gefe har yanzu zai naɗe kwalin turare, littafi, riga a ninke, ko takalmin yaro.

Sai abin da ya fi komai muhimmanci a nan, ki duba suna. Ki duba jikin takarda, ki duba ƙasan jaka, ki duba ɗan katin da yake rataye a hannun jaka, ki leƙa ciki. Wata shekara na ba wata dattijuwa a zumuntar mata zane a cikin jaka mai kyau, ashe can ƙasa akwai ɗan kati da aka rubuto mini da sunana da gaisuwar wadda ta ba ni. Matar ba ta ce komai ba sai da muka haɗu ta miƙo mini katin a hankali ta ce ga saƙonki kin manta, amma na ji nauyi sosai, domin ban so ta ɗauka zanen ma wani ne ya ba ni na juya mata. Tun daga nan ba na ajiye jaka sai na zazzage ta na cire duk wani rubutu.

Yadda ake miƙar da takarda

Ta gasken ana goge ta. Ki shimfiɗa zane a tebur ko a kan tabarma, ki kifa takardar fuskarta ƙasa, ki ɗora wani siririn ƙyalle a kai kamar tsohon ɗankwali na auduga, ki sa dutsen guga a wuta mafi ƙanƙanta, ba ruwa ba tururi. Ki riƙa tafiya da shi kar ki tsaya wuri ɗaya. In na gawayi ne ki bari sai kin gama gugar kaya ya fara hucewa, ki gwada a gutsure tukuna, kuma ki kula da toka da tartsatsi. Ki tabbata ba sauran salatif a jiki, in zafi ya taɓa shi narkewa yake ya manne a ƙyallen ya bar danƙo. Layin ninki ba zai ɓace ɗari bisa ɗari ba amma zai kwanta, kuma in kin zo naɗi sai ki daidaita tsohon layin da kusurwar sabon kwalin, ba mai ganewa.

Mai sheƙin nan ta leda kuwa kar dutsen guga ya kusance ta, nan take za ta ƙanƙance ta manne. Ita tsumma mai ɗan laima za ki sa ki goge ƙurar hunturu gaba da baya, ki bari ta sha iska, sai ki shimfiɗa ta tsakanin kwali biyu ki tura ƙarƙashin katifa kwana uku ko huɗu. Daɗinta shi ne salatif yana tashi daga jikinta ba tare da ya yaga ta ba in kin ja a hankali, musamman in kin ɗan ajiye ta a rana minti kaɗan danƙon ya yi laushi. Amma tana da hali ɗaya, in bakinta ya ɗan tsage to tsagar gudu take har ƙarshe, saboda haka duk inda kika ga 'yar tsaga ki yanke wurin da almakashi tun kafin ta yi nisa.

Ribon na ƙyalle ana wanke shi da ruwan sabulu kaɗan, ki naɗe shi a jikin kwalba yana da laima, in ya bushe zai fito a miƙe ba sai an goge ba. Na roba siriri kuma in ya lanƙwashe ki riƙe shi tsakanin babban yatsa da bayan almakashi ki ja da sauri, sai ya nannaɗe ya koma kamar sabo. Furen ribon da ake mannawa a saman kyauta in ya baje ki sa yatsa cikin kowane kunne ki tayar da shi, in mannin ƙasansa ya mutu ki lanƙwasa ɗan salatif ya zama zobe ki manna. Jakar takarda ki bi layinta na asali ki ninke, in igiyar hannu ta fita ki zura wata ki ƙulla ta ciki, in ramin ya yage ki liƙa ɗan kwali ta ciki ki huda sabo, ƙasan kuma ki yanka kwali daidai faɗinsa ki shimfiɗa don ya iya ɗaukar nauyi.

Ajiya, inda yawanci ake asara

Nan ne nake so ki fi ba hankali, domin wata 11 kayan nan za su yi suna jira, kuma a cikinsu akwai damina. Na taɓa yin duk wahalar nan na sa a leda na jingina bayan kujera a ƙasa, ruwan Agusta ya zo bango ya yi sanyi, da na buɗe a Disamba duk sun yi fumfuna sun manne da juna, gara kuma ta ci gefe guda. Abu uku ne abokan gaba: laima, ƙwari, da nauyin da za a ɗora a kai.

Manyan fallaye naɗe su ake yi kamar tabarma, ba ninkewa ba. Ki je wurin masu sayar da labule ko ledar ɗaki ko yadi ki roƙi bututun kwalin da yadin yake zuwa a kai, yawanci yarwa suke yi. Ki naɗe fallayen a jikinsa ɗaya bayan ɗaya, fuskar a ciki, ki ɗaure da siririn ƙyalle. Kar ki sa roba mai talewa, zafi yana narkar da ita ta manne a takarda, kar kuma ki sa salatif. In kina da ragowar bututun ruwa na roba mai faɗin inci 4 daga aikin gini, ya fi komai, ki zura naɗin a ciki ki toshe kai biyu da leda ki ɗaure, ruwa ba zai shiga ba.

Matsakaita da jakunkuna a kwance za su zauna, cikin tsohon akwati ko jakar Ghana-must-go mai zif mai kyau, kwali a ƙasa kwali a sama. Ribon da furanni a gwangwanin Milo ko na madara mai murfi, furannin kar ki danna su. Ki jefa kafur ƙwaya biyu a ƙulle cikin ƙyalle, da 'yan ƙananan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi ko jaka, amma ki yi nesa da su daga yara don ba abin ci ba ne. Sai ki ɗora a saman wadirof ko kan kanta, kar a ƙasa, kar a jikin bangon da yake jiƙa, kar kusa da kicin inda hayaƙi da maiƙo suke. In damina ta ɗauke wajen Oktoba ki sauke ki buɗe su sha iska a inuwa rabin yini. Almakashi da ragowar salatif ma ki sa su ciki, don ranar da kike nema kar a ce yara sun kai makaranta.

Ranar naɗi

Ki fara tun sati na biyu na Disamba, kar ki bari sai daren 24 ga girki ga kitso ga baƙi, gaggawa ce take sa mutum ya ce a je a sayo sabuwa kawai. Ki jera kyaututtukan daga babba zuwa ƙarami, ki jera takardun haka, ki haɗa kowace da tata kafin almakashi ya taɓa komai, in ba haka ba za ki yanka babban falle saboda ƙaramin abu ki zo kan babban kaya ki rasa.

Awo ba wuya. Ki ɗora kwalin a kan takarda ki zagayo da ita, ta haɗu ta haura da kamar yatsa biyu, shi ke nan. Ta kai biyu kuma abin da ya fito ya ɗan wuce rabin tsayin kwalin. Duk abin da ya fi haka ɓarna ce, kuma yawan takarda ma shi yake sa naɗi ya yi ƙullutu ya yi muni. In takardar ta gaza da kaɗan kar ki yar, ki juya kwalin ya zauna a karkace, kusurwarsa tana kallon gefen takarda, ki ɗago kusurwa huɗun takardar su haɗu a tsakiya kamar ambulan, sau da yawa wadda ta ƙi rufewa a miƙe tana rufewa a haka. In har yanzu da saura, ki haɗa biyu: ki naɗe da wadda kike da ita, inda ya rage a buɗe ki yanko wata kala daban mai faɗin tafin hannu ki zagaya kamar ɗamara. Ja da ruwan gwal, kore da fari, sai ya fito kamar da gangan aka tsara. Da wannan ɗamarar nake rufe tabon tsohon salatif ko inda aka taɓa rubutu.

Salatif guntu uku ya isa kyauta ɗaya, kowane kamar tsawon gaɓar yatsa, kuma takarda kan takarda za ki liƙa, ba a jikin kwali ko bangon littafi ba. In kin lanƙwasa ɗan bakin kowane guntu ya zama kunne, mai buɗewa zai kama ya ja ba ɓarna. In akwai ribon ko zare mai kauri ma ba sai da salatif ba, ki ninke kai biyun da kyau ki ɗaure ta tsaye da ta kwance. Suna kuma kar ki rubuta a jikin takarda ko jaka. Tsofaffin katunan Kirsimeti na bara ki yanke gaban mai hoto ƙanana-ƙanana, ki huda, ki rubuta suna a baya ki rataya da zare. Wannan naɗin da kika yi da sauƙin kwancewa shi zai sa wadda kika ba ita ma ta iya ajiyewa, takarda ɗaya sai ta zaga gida uku a dangi.

Gutsattsarin ma suna da aiki. Ki ninke su ƙananan ambulan na sa kuɗi, tunda yawancin yaran da suke zuwa gaisuwar Kirsimeti kuɗi ake ba su, ko na sa ɗankunne da sarƙa. Waɗanda suka yi ƙanƙanta sosai ki yayyanka siri-siri ki cika ƙasan kwali da su in za ki sa abin fashewa kamar kofi ko turare. Yara kuma su yi sarƙar ado da su, zobe cikin zobe, a rataya a falo.

In takardar ba ta isa ba

Gaskiya ni yanzu ƙyalle ya fi kwanta mini a rai fiye da takarda, kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Iyayenmu in za su aika abincin Kirsimeti gidan maƙwabta Musulmi, ko in su za su aiko mana da na Sallah, ai kwano ake rufewa a ɗaure da ƙyalle mai tsabta a ɗora wa yaro, kwano ya dawo ƙyalle ya dawo, wani lokaci ma da ɗan abu a ciki. Mutanen Japan ma suna da irin wannan al'ada ta naɗe kyauta da ƙyalle mai kusurwa huɗu, suna kiransa furoshiki. Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma da wuya ɗinki ya cinye shi tas, saboda haka in kin kai ɗinkin Kirsimeti ki ce wa tela ya ajiye miki ragowar, har ki roƙi na wasu da ba sa so, a Disamba buhu-buhu suke tarawa.

Ki yanka shi murabba'i, a kashe bakin da keke ko ki bi da almakashi mai haƙori. Girman da ake so shi ne daga kusurwa zuwa kusurwar da take kallonta ya kai kamar ninki uku na tsawon abin da za ki naɗe. Ki shimfiɗa fuskar ƙasa, ki ɗora kayan a tsakiya a karkace, ki ɗauko kusurwar da take gabanki ki rufe ki cusa bakinta ƙarƙashi, ki ɗauko ta can ki rufo a kai, sai ki kama ta dama da ta hagu ki ƙulla sau biyu a sama ki baza kunnuwan. Kwalba kuma tsayar da ita za ki yi a tsakiya, ki ƙulla kusurwa biyu a saman murfi, sauran biyun ki zagaya su ta baya su dawo gaba ki ƙulla. In kin yi da sabon ɗankwali ko tawul ƙarami, to naɗin ma ya zama kyauta ta biyu. Ki dai wanke ƙyallen tukuna in yana zuba, kar ya ɓata farar riga.

Akwai kuma kayanmu na saƙa, kwando da faifai da adudu, har ma da ƙwarya. Ita kalmar lefe ma asalinta sunan kwandon kaba ne da ake zuba kayan aure a ciki kafin akwati ya zo. In za ki kai wa surukai kayan abinci, ki jera a kwando ki rufe da ledar hamfar bara ki ɗaure da ribon, ya fi kwali kyau nesa ba kusa ba, kuma kwandon zai yi musu aiki shekara da shekaru.

Takarda mai ruwan ƙasa da ake samu a cikin katan ko wurin masu sayar da littattafai ita ma tana kyau in an yi mata ado. Ki raba dankalin Turawa biyu, ga shi nan Filato ba ma rasa shi, ki sassaƙa tauraro a fuskar da wuƙa, ki tsoma a ruwan shuni mai kauri ko ruwan kurkum ko zoɓo da aka dafa ya yi duhu, yara su bi takardar suna bugawa, a shanya. In salatif ya ƙare ki dama sitacin rogo da ruwan zafi ya yi kauri, ko ki jiƙa ƙaro, duk suna kama takarda, sai dai wadda aka liƙa da sitaci ba ta ajiyuwa, ƙwari suna binta.

Jarida da tsohuwar kalanda suna yi, amma da sharaɗi. Ki karanta abin da yake jiki kafin ki naɗe. Kar ki yi amfani da shafin da yake da ayar Littafi Mai Tsarki ko ta Alƙur'ani, ko kalandar coci mai hoton Yesu, ko ta tunawa da mamaci, domin ƙarshenta ƙasa za ta faɗi a taka, kuma wanda kika ba zai iya jin ba daɗi. Haka shafin da yake ɗauke da labarin kisa ko haɗari. Tawadar jarida tana fita, saboda haka in tufa ce ki fara sa ta a leda. Cincin da kek da soyayyen nama kuwa kar su taɓa jarida ko takardar siminti ko takardar naɗi mai fenti, ki zuba a roba mai murfi ko gwangwani da aka wanke ya bushe, sannan ki naɗe ta waje. Bokitin roba da kwanukan da ake rabawa a biki, in ba hoton ango da amarya a jiki, sun dace da wannan.

Ga masu koyar da makarantar Lahadi da shugabannin zumunta, ku da kuke naɗe kyauta 50 ko 100 a lokaci guda, ku ajiye kwali ɗaya a ofishin coci ku yi sanarwa Lahadin farko ta Janairu kowa ya kawo abin da ya tsira a gidansa, mutum biyu su ɗauki nauyin gyara da ajiya. In dole sai an sayi sabuwa, a haɗa kuɗi a saya da dozin tun Oktoba ko Nuwamba, kuma a zaɓi kala zalla, ja ko kore ko ruwan gwal ko mai ɗigo-ɗigo, wadda ba hoton Baba Kirsimeti ba rubutun shekara, don ita za ta yi aure ta yi suna ta yi kyautar Sallah ga maƙwabta.

Wadda ta mutu gaba ɗaya kuma, musamman mai sheƙin nan, kar a jefa ta murhu ko a ba yara su ƙona, hayaƙin leda ne ba shi da kyau ga ƙirji, ga hunturu komai a bushe ga yara suna wasan nokawut, abin nan da ake kunnawa ya fashe da ƙara, wuta ba ta da wuyar tashi. Kar kuma a bar ta tana yawo a tsakar gida, awaki suna haɗiye leda ta cushe musu ciki, jariri mai rarrafe ma zai iya kai ta baki ko ya rufe fuska da ita. Ki tattara ki cusa a leda ɗaya ki ɗaure bakin tamau ki ba masu kwasar shara.